"Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah": wurinta ke nan?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum 'yan zaure. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Da a bakin tsofaffi muke jin ta, idan attajiri ya karye ko mai mulki ya faɗo. Yanzu kuwa da an kama ɓarawon moto an yi masa dukan kawo wuƙa, ko an rataya masa taya, sai ka ji wani ya kaɗa kai ya ce "ai gani ga wane." Wurinta ke nan, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Tsohon Direba, Garwa: Wurinta ne mana, ƙanena. Ku da kuka taso bayan hanya ta yi lafiya ba ku san zargina ba, 'yan fashin nan masu tare hanya a nan arewacin Kamaru. A shekarun 1990, in ka ɗauko fasinja ranar kasuwar shanu, da addu'a kake tafiya. Sai dai ka sha kwana ka tarar da kututture a gicciye, mutane sun fito daga ciyawa fuska a naɗe da rawani. Kowa ya kwanta rub da ciki, a cire takalma, don sun san a safa ake ɓoye kuɗi. Dattijo mai furfura a mare shi a gaban 'ya'yansa. Da 'yan antigang, jami'an tsaron da gwamnati ta turo yaƙi da fashi, suka sauka Marwa a ƙarshen shekarun nan, wanda suka ɗauka ba kasafai yake dawowa ba. Daga baya aka kafa BIR, rundunar sojan ɗaukin gaggawa, a 2001. Hanya ta lafa. Ba wa'azi ya gyara ta ba, gani ne.

Malama a Marwa: Baba, ba musu nake da abin da idonka ya gani ba. Amma zargina ba su tuba ba, sana'a suka sauya. Da kwalta ta yi zafi sai suka koma daji suna ɗauke 'ya'yan makiyaya, a Mayo-Rey, a Adamawa, har Mayo-Kebbi ta Chadi wajen Pala. Bafulatani ya sayar da garkensa kaf ya fanshi ɗansa. Wannan bai fi tare hanya sauƙi ba, sai dai ba a kan idon direbobi yake faruwa ba. Kuma cikin waɗanda antigang suka kwashe har da waɗanda wani ya kai sunansu don gaba ko rikicin gona. Ni a ganina abin da ya kori ɗan fashi daga titi shi ne ya san kullum akwai rakiyar soja, in ya fito yau, yau zai gamu da su.

Bahaushen Njamena: Bari in kawo muku namu, tunda a nan an gwada abin a fili. Ran 15 ga Yuni 2015 aka tayar da bama-bamai a hedkwatar 'yan sanda da makarantar 'yan sanda. Ran 11 ga Yuli aka sake a babbar kasuwa. Ran 28 ga Agusta kotu ta yanke wa mutum 10 na Boko Haram hukuncin kisa, washegari aka harbe su. Ba jinkiri, ba jan ƙafa. Duk ƙasar ta ji. To ran 10 ga Oktoba sai ga harin Baga Sola a yankin Tafkin Chadi, a kasuwar kifi da wajen 'yan gudun hijira. A Disamba kuma tsibirin Kulfuwa. Mutumin da ya ɗaure bam a ƙugunsa ya fito neman mutuwa, da me za ka razana shi? A 2020 Chadi ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya, har da na ta'addanci.

Tsohon Direba, Garwa: Amma cikin Njamena ɗin kanta an sake irin na kasuwa bayan harbin?

Bahaushen Njamena: Gari ya samu sauƙi, Baba, wannan gaskiya ne. Sai dai a daidai lokacin aka kama 'yan ƙungiyar da ke ɓoye cikin unguwanni, aka kafa shingaye, aka hana niƙabi, ana laluben kowa a ƙofar kasuwa da masallaci. Wanne daga ciki ya yi maganin? Ni na fi ba lalube da kamu ƙarfi, don su ne suka tsaya tsakanin mai bam da taron jama'a.

Malamin Zaure: Kada a tafi da nisa har a ce tsoratarwa ba ta da asali. Tana da shi. A Baƙara aya ta 179 an ce akwai rayuwa a cikin ƙisasi, a farkon Suratun Nur kuma an ce wani yanki na muminai su halarci hukuncin. Manufar halartar ai ita ce ganin. Amma ku dubi katangar da aka kewaye abin da ita. Hukuma ce ke zartarwa, ba mai kaya ba, ba 'yan kallo ba. Sai an je gaban alƙali, sai da shaidu ko iƙirari. Ƙa'idar malamai ita ce a tunkuɗe haddi da shubuha. Sata ma sai ta kai nisabi, kuma daga ma'ajiya aka ɗauke ta. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa. Sannan hukuncin ɓarawo ba kisa ba ne, balle ƙonawa, wadda aka hana kai tsaye, domin ba mai azaba da wuta sai Ubangijinta. Shi ya sa nake tare da Ɗan Kusiri. Karin maganar ta mai kallo ce da ya ga abin da ya sami wani ya koma ya gyara kansa. Mai riƙe da galan ɗin fetur ba shi da rabo a cikinta.

Ɗan Komite, Mora: Allah gafarta Malam, ina roƙo kada a haɗa mu 'yan komite, masu sintirin sa-kai, da masu taya. Tun wajen 2014 muke tsaye a bakin kasuwa da kwari da baka da adda, wani lokaci da ɗan injin laluben ƙarfe. Mata na laluben mata. Akwai 'yan uwanmu a Mora da Kolofata da Fotokol da suka tare masu bam kafin su kai cikin taro, suka tafi tare da su. Ba albashi muke ɗauka ba. Wanda muka kama, hannun hukuma muke sa shi. To amma ga inda gizo ke saƙa. Ka kwana kana sintiri, ka kama ɓarawon awaki, ka miƙa shi, kafin mako ya zagayo ka gan shi a teburin mai shayi yana kallonka yana murmushi. Ya san gidanka. Gobe in jama'a suka kama wani, da wane baki zan ce musu su bari?

Malama a Marwa: Yaya, ka taɓo inda ciwon yake. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mu ranar ɗayar muke kallo, shi kuwa dubun yake lissafi. Ko ka ce ranar kamun wuta ce, in ya tabbata da wuya ta zo, ko kuma kuɗi na iya kankare ta, zai fita sata. Dokar ta'addanci ta Disamban 2014 a Kamaru ta tanadi kisa, kotun soja ta yanke wa mutane da yawa, amma rabon da a zartar a ƙasar nan tun 1997.

Tsohon Direba, Garwa: To kin gani, 'yata. Hukunci a takarda wa zai tsorata?

Malama a Marwa: Najeriya ta zartar, Baba. A farkon shekarun 1970 aka fara ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a bakin teku a Legas ana harbewa, jama'a na kallo. Fashi bai ƙare ba.

Hajiya Mai Fatauci: Ni ba ilimi zan kawo ba, abin da na gani ne a wata kasuwa da nake saro albasa. Wani mutum ya kira yaro mai turin baro, ya nuna masa buhu biyu ya ce kai min bakin tasha. Yaro ya ɗora ya kama hanya. Mai buhunan na ainihi ya fito ya kwarma ihu. Kafin yaron ya buɗe baki an rufe shi da ice da bulo. Wanda ya sa shi aikin ya sulale. Sai da wata mai tuwo da yaron ke cin bashi wurinta ta faɗa kansa tana rantsuwa, sannan aka ja baya, amma ido ɗaya ya riga ya tafi. To wa ya ɗauki darasi? Masu baro sun daina ɗaukar kayan baƙo, mu fatake muke shan wahala. Ɓarawo kuma ya koyi cewa ya sa yaro a gaba. Sannan mu Hausawa mu fi kowa taka-tsantsan da wannan magana, don mu ne masu yawo a garin mutane. Ku tuna mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, suna hanyar komawa gida salla. 'Yan sintiri ne suka tare motarsu. A Duwala ko Yawunde, in aka yi maka ihu da yaren da ba ka ji, wa zai tsaya sauraron bayaninka?

Ɗan Komite, Mora: Hajiya, abin da muka tsayar a unguwarmu shi ne duk wanda aka kama a kai shi ƙofar Bulama, ba mai taɓa shi, a kira jandarmomi. Matsalar ita ce shaida. Masu ƙarfin duka da yawa, amma ranar zuwa kotu kowa sai ya ce yana da gona, ko ba shi da kuɗin moto, ko yana tsoron dangin ɓarawon. Ba shaida, dole a sake shi. Malam, ina da tambaya: in taro ya kashe mutum, ba a san sandar wa ta ƙarasa shi ba, jinin na kan wa?

Malamin Zaure: Yana kan duk wanda ya sa hannu da nufin kisa. A mazhabarmu ta Malikiyya ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya in sun haɗa kai a kansa. Sayyidina Umar ya zartar da haka a kan wasu mutane, ya ce da mutanen San'a duka sun taru a kan kisan, da duka zai kashe su. Yawan hannu ba ya raba alhakin ya zama ƙanana.

Tsohon Direba, Garwa: Na ji, Allah gafarta Malam. A kan ɓarawon waya da na awaki na sauka, a kai su gaban alƙali. Amma wanda ya ɗauke ɗan mutum, ya karɓi kuɗin fansa, sannan ya yanka yaron, ina nan kan bakana: a tabbatar da laifinsa da shaidu, a yanke, a zartar, kuma a sanar da ranar. Ɗan Komite, in shaida ta kama wani daga unguwarku zuwa kotun Garwa, ka neme ni. Ba na tuƙi yanzu, amma yarana na kan hanyar, kujera ɗaya ba za ta gagara ba.