Gizo ya ƙi shiga tsarin Propp

Salam. Ina nazarin tatsuniyoyin Gizo guda 12 da ra'in tsari, wato duba yadda aka gina labari, kuma na cije.

Na fara da matakai 31 na tafiyar labari da masanin tatsuniya Vladimir Propp ya fitar a 1928 daga tatsuniyoyin Rasha. Da ƙyar nake samun 6 a tatsuniya guda. Babbar matsalar, Propp ya raba jarumi da mugu, Gizo kuwa shi ne duka biyun: shi zai yaudari Kura, shi kuma muke so ya tsira.

Na koma hanyar masani Lévi-Strauss ta duba abubuwa masu kishiyantar juna, kamar wayo da wauta, gida da daji. Malamina ya ce jeri kawai na yi, ba nazari ba. Gaskiyarsa, amma ya ƙona min rai.

Don Allah, a wane gurbi ake ajiye tauraron da yake jarumi kuma mugu lokaci guda?