Injin turara ruwa na gida: zai yi mini amfani a nan Maradi?

Mai Cajin Waya, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen wanda ya san kan abin nan. Ina da rumfar cajin waya, da panno, wato faifan wutar rana, a saman kwano da manyan batir biyu masu shan ruwa. Ruwan batir ɗin da nake saye a kasuwa ya fara ba ni tsoro. Cikin tsofaffin robobi ake zuba shi, ba hatimi ba takarda, wani lokaci in na ɗaga robar a rana sai in ga tsaki-tsaki yana yawo a ciki. Wani da ke ɗauko kaya daga Kano ya nuna mini hoton wani inji mai kama da babban fulas, wai yana dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya huce ya ɗiga cikin kwalba. An rubuta lita 4, wat 750.

Batir ne ya fara kai ni ga maganar, amma abin da ya fi damuna ɗiyata ce. Shekararta shida, sababbin haƙoranta na gaba sun fito da fararen ɗigo, bakinsu kuma ya ɗan yi ƙasa-ƙasa. Uwarta 'yar Tibiri ce, garin nan kusa da Maradi da ruwa ya taɓa nakasa yara, tun da ta gani hankalinta bai kwanta ba. In famfo ya ɗauke, ruwan burtsatsen maƙwabta muke sha. To in na sayi injin nan, zai ishe mu sha mu goma a gida, in kuma samu na batir? Panno ɗina zai ɗauke shi? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da lissafin wuta, don a nan mutane ke faɗawa rami. Injin wat 750 yana cin wajen awa 4 ko fiye kafin ya ba ka lita 4. Kilowat-awa 3 ke nan a dahuwa ɗaya, wato kilowat ɗin da takardar kuɗin wuta ke lissafawa, kusan kashi uku cikin huɗu na kilowat-awa a kowace lita. Ba laifin injin ba ne, mayar da ruwa tururi ne ke da cin wuta haka, ko wane kamfani ya ƙera shi. Ɗauko takardar kuɗin wutarka, ka duba nawa ake sayar maka da kilowat, ka ninka sau uku, ka ga kuɗin lita 4.

Yanzu mutum goma a watan Afrilu, kowa ya sha ko lita 3, lita 30 ke nan. Inji ɗaya zai buƙaci awa 30 ko fiye, yini da kwana kuwa awa 24 ne. Don haka maganar shayar da gida duka ka cire ta daga ranka.

Batun panno: batir mai bolt 12 da amfiya 200, duk abin da ke cikinsa kilowat-awa 2.4 ne, kuma ba a so ka sha fiye da rabinsa. In ka kunna injin nan da dare a kan batir, kai da kanka za ka kashe abin da kake neman raya wa. Sai dai da rana tsaka, daga hantsi zuwa azahar, in pannonka sun kai wat 1000 kuma inbatarka, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ita ma ta kai haka. In ba su kai ba, jira kuran, wato wutar gari.

Kafin ka ba da kuɗi, a juya maka gindin injin ka karanta da idonka. Mu bolt 220 muke amfani da shi. Akwai waɗanda aka yi don Amurka masu bolt 110 ko 120, kana sa shi a bango ya ƙone. Tukunyar ciki ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kwalbar tarbar ruwa kuma gilashi ta fi roba.

Ga batir kam ruwansa babu na biyunsa, kuma dahuwa ɗaya za ta kai ka nesa. Ka zuba bayan batir ya cika caji, ruwan ya rufe farantan ciki amma kada ya kawo baki. Asid ba a ƙara shi, ruwa ne kaɗai ke ƙafewa.

Inna Mai Aikin Asibiti, Tibiri:

Ɗana, gaishe ka da kula da iyali, ka gaishe mini da matarka, ka ce mata tsoronta yana da tushe. Mu da muke garin nan mun gani da idonmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 yara sun sha ruwan wata burtsatse mai yawan sinadarin fulor, ɗaruruwansu ƙafafu suka lanƙwashe, haƙora suka rine. Wasunsu yanzu magidanta ne, har yau da tabon suke tafiya. Ba na iya ganin yaro da jan haƙori in wuce ban tambayi ruwan da yake sha ba.

Amma kada ka yanke hukunci da ido. Ɗigo a haƙori yana iya zama fulor, yana iya zama wani abu daban. Ka kai yarinyar wajen likitan haƙori. Sannan ka ɗebi ruwan burtsatsen nan cikin kwalba mai tsabta ka kai ma'aikatar ruwa ta jiha, ka tambayi inda za a auna maka fulor da nitarat. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 na fulor cikin kowace lita. Burtsatse biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta, domin zurfin da kowace ta kai ba ɗaya ba ne.

Abin da nake so kowace uwa ta ji shi ne, tafasa ruwa ba ta fitar da fulor. Ruwan ne ke tashi, fulor ɗin ya zauna, har ma ya ƙara kauri a abin da ya rage. Tacewa da ƙyalle, ko ɗiga ruwan Jabel mai kulorin, ko ƙwayar Aquatabs, duk maganin datti ne da ƙwayoyin cuta, ba su taɓa shi. Injin da kake magana kuwa yana raba ruwa da shi, domin tururin kaɗai yake tarba, gishiri da fulor da dalma su tsaya a gindin tukunya.

In awo ya nuna ya yi yawa, ba sai ka shayar da mutum goma ba. Ƙanana za ka fara da su, 'yan ƙasa da shekara takwas, lokacin da haƙoran girma ke ginuwa cikin dasashi. Lita 4 zuwa 8 a yini za ta riƙe su, har da kununsu. Tabon da ya riga ya fito ba zai goge da sauya ruwa ba, amma za ka kare haƙoran da ba su fito ba, da ƙashinta, da ƙannenta.

Wani Mai Aikin Labo, Ali Ɗan Sofo:

Muna da irin injin nan a labo, ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, ni ke wanke shi. Duk dahuwa in ka buɗe za ka tarar da ɗan ruwa mai launin ƙasa da farin ɓawo manne a gindi. Zubar, ka ɗauraye nan take. In ɓawon ya yi kauri, zuba ruwan ɗumi ya rufe shi, ka sa garin asid sitirik cokali biyu, in babu ka sa binegar fari ko ruwan lemun tsami da aka tace, ka bar shi ya jiƙa ko ka tafasa shi murfi a buɗe. Da kansa zai saki. Kada soson ƙarfe ya taɓa shi, in ya karce tukunyar ɓawon ya samu wurin kamawa. Kuma kada ka tsoma injin cikin ruwa, wutarsa a ƙasa take.

Yawancinsu suna kashe kansu ne sai tukunya ta ƙafe ƙaf, wannan ke gasa ɓawon. Ni ina kashe shi da saura kaɗan. Ka bar shi ya huce kafin ka ɗaga kai, tururinsa yana sale fata, ka ajiye shi inda hannun yara ba ya kai.

A kansa akwai fanka da naɗaɗɗen bututu, nan tururi ke hucewa. Da hunturu ƙura na toshe wurin, sai ka ga ɗigon ya ragu. Burushin haƙori busasshe ya isa. A bakin da ruwa ke fita kuma akwai 'yar jakar gawayi, ita ke kama wari da abubuwan da ke tashi tare da tururi, irin su fetur. Ka ce wa mai kawo maka ya haɗo da jakunkunan da yawa, wajen wata ɗaya ake sauyawa, kuma ban taɓa cin karo da su a kasuwarmu ba. Dahuwar farko a zubar.

Mai Cajin Waya, unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inna, saƙonki ya isa, gobe in Allah ya kai mu za mu ɗebi ruwan. Saura tambaya ɗaya. Na ji ana cewa ruwan nan salam yake, wai har yana tsotse sinadaran jikin mutum. Yara za su iya shansa kullum?

Inna Mai Aikin Asibiti, Tibiri:

Salam ɗin gaskiya ne, don babu gishirin komai a cikinsa. Amma mafi yawan abin da jiki ke buƙata daga abinci yake zuwa. Yaron da ke samun fura da nono, da wake, da zogale, ruwan nan ba zai rage shi da komai ba. In sun ƙi ɗanɗanon, ka sanyaya musu shi, sun fi karɓarsa da sanyi. Ka adana shi a rufe cikin kwalba ko tulu mai tsabta, da moɗa tasa daban, domin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, hannu mai datti ɗaya ya isa ya ɓata shi. In sakamakon awon ya fito ka rubuto mana lambar da aka samu, in gaya maka ko injin ya zama dole ko na batir kawai za ka riƙa yi da shi.