Musayar Waƙa: Tattaki a Bakin Gaɓar Alli

Ɗan Kumo: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kafin in dawo Gombe daga karatu a Ingila, na taka da ƙafa daga garin Seaford zuwa Eastbourne ta hanyar da ke bin saman gaɓar teku, tafiyar kimanin kilomita 21. Ga tsarabar da na kawo, amsa-amon kuwa "wa" ne.

Na bar Seaford da hantsi, gorar ruwa a kafaɗa,
Teku yana damana, ba ya gajiya da kaɗawa.
Kogin Cuckmere ya tare ni ban yi nisa ba,
Sai da na nemi gada, na sha doguwar kewayawa.
Tuddan farin alli na tarar sun jeru a gabana,
'Yan'uwa Mata Bakwai ne sunansu a bakin Turawa.
Ka hau ɗaya ka ce an gama, sai ga gangara,
Na gaba yana jiranka, gwiwa kuwa sai rawa.
A Beachy Head tsayin gaɓar mita 162 ne,
Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara marmarin leƙawa.

Malamin Dukku: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, ɗana, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai.

Mu mun san a taka domin kasuwa ko zumunci,
Ko bin shanu zuwa Gongola idan rani ya yi tsanantawa.
Na hau Dutsen Bima ina saurayi, da dalilina,
Ban hau don kawai a ce na iya hawa.
Amma mota tana bin titi can kusa da kai,
Ka zaɓi bakin rami, me kake nema da wahalarwa?

Ɗan Kumo: Allah ya gafarta Malam, hanyoyin nan ba don nishaɗi aka fara taka su ba. Mafi tsawo a kudu maso yammacin Ingila, wadda ta tashi daga Minehead zuwa Poole, kilomita 1,014 ce, kuma asalinta sawun masu gadin gaɓa ne.

'Yan fasa-ƙwauri kan sauke kaya cikin dare,
A lungunan ruwa inda ido ba ya kaiwa.
Dole mai gadi ya bi baki ya leƙa kowane lungu,
Shi ya sa hanyar take ta karkacewa.
Mai mota ya isa gari ne kurum, Malam,
Ni na ji gishiri a leɓena, iska tana kaɗowa.

Goggo ta Gombe: Ni ba wahalar ƙafar ce ta dame ni ba, allin ne. Wanda ya zauna kusa da kwari a garin nan ya san abin da ruwa yake yi wa ƙasa mai taushi.

Ɗana, alli da muka sani a hannu yake narkewa,
Yaya zai yi da teku mai dukansa ba tsayawa?
Mu nan damina ɗaya kan cinye katangar gida,
Ka kwana da maƙwabci, ka tashi yana ƙaurawa.

Ɗan Kumo: Goggo, kin taɓo inda yake ciwo, domin can ma haka abin yake.

A Birling Gap na ga jerin gidajen masu gadi,
An rushe na bakin, sauran suna jiran rushewa.
Hasumiyar Belle Tout, tsohuwar fitilar jiragen ruwa,
Gaɓa ta matso ta har ana tsoron ruftawa.
A 1999 aka ɗaga ta da jak, tan 850,
Aka tura ta baya mita 17 ba tare da fashewa.
Na ga allunan gargaɗi cewa a nisanci baki,
Don ciyawa tana rufe tsaga, ido ba ya ganewa.

Goggo ta Gombe:

To su hasumiya suka ɗauka ɗungurungum suka matsa,
Maƙwabcina gado da tukwane ya samu fitarwa.
Ƙyauren ɗakinsa yana nan rataye bisa kwarin,
In iska ta taso ina jin sa yana bugawa.