Mod ɗin da jama'a suka ce "gwada wannan ma", me za mu kira abin da Hausa?

'Yan'uwa masu buga gem a kwamfuta ku matso kusa akwai aiki. A shafukan da ake sauke mod, wato sauyi ko ƙarin da 'yan wasa ke yi wa gem da kansu, irin su Nexus Mods da Steam Workshop da Mod DB, kowanne dai da salonsa, amma abin da ke kai mutum ga mod na gaba yawanci mutane ne 'yan'uwansa, wani ya danna cewa wannan ya yi kyau, wani ya ce in ka ji daɗin wancan to ga irinsa, saura su mara masa baya ko su ƙyale, wanda ya tara mutane ya hau sama. Turawa na cewa community recommendations, maɓallin kuma endorse ko upvote. To mu fa? Mun ta tattauna wannan, kowa ya kawo kalmarsa, ga yadda nake gani.

Kalmar mod ɗin kanta ba zan ja da ita ba. An kawo kwaskwarima, kuma ta dace da wanda ya sauya launin sama ko rigar jarumin gem, amma Counter-Strike ma ai mod ɗin gem ɗin Half-Life ne da Minh Le da Jess Cliffe suka fitar a 1999 kafin Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ta ɗauke su, wa zai kalli wannan ya ce kwaskwarima? Wannan ai garambawul ne. Tunda ɗaya ta yi kaɗan ɗaya ta yi yawa, a bar mod a mod, bakin kowa ya riga ya saba.

Inda gardamar take shi ne ɓangaren jama'a. Mafi yawanku "zaɓin jama'a" kuka ce ko "ƙuri'ar jama'a", kuma ba wai kuskure ba ne, a Mod DB akwai gasar mod na shekara da 'yan wasa ke kaɗa ƙuri'a a rufe a sanar da wanda ya ci, a nan kalmar ta zauna daram. Amma abin da muke magana a kai ba a rufe shi, babu ranar ƙirga, babu wanda ya faɗi, mutum ɗaya zai iya danna wa mod ɗari. Da Bahaushe ya ji ƙuri'a zai tambaya wa ya ci, a nan kuwa ba a ci.

Wata 'yar'uwa ta ce "shawarar jama'a". Ta fi kusa gaskiya, sai dai shawara ko wanda bai taɓa ganin abu ba yana iya bayarwa.

Ni dai shaida nake goyon baya, kuma ga dalilina. A Nexus Mods ba za ka iya danna endorse ba sai ka sauke fayil ɗin tukuna, sannan ka jira minti 15, wato shafin da kansa yana so ya zama ka ɗan gwada kafin ka buɗe baki. Wanda ya gani da ido ya faɗa, ai shi muke kira mai shaida. Kuma a bakinmu in aka ce wane ya samu shaidar mutane ba sai an ƙara da komai ba, an san an zauna da shi an ga halinsa. Ga ta kuma tana ɗaukar fuska biyu, kyakkyawar shaida da mummuna, don haka ta rufe Steam Workshop ma inda akwai babban yatsa sama da na ƙasa. Maɓalli sai a rubuta "Na shaida", gajere ne zai shiga ko a ƙaramin allon waya.

Na ga wanda ya ce kalmar tana warin kotu. Eh akwai wannan, amma yaya, ita kotun ma a wajen mutane ta aro.

Wani abin da ya ƙara sa na tsaya a kanta, shaida tana tsufa kuma Hausa ta yarda a faɗi haka. A Nuwambar 2021 da Bethesda, kamfanin da ya yi gem ɗin Skyrim, ta fitar da sabon bugunsa mai suna Anniversary Edition, mod da yawa masu dogaro da SKSE, wata manhaja da ke ƙara wa mod ɗin Skyrim abubuwan da za su iya yi, suka daina aiki sai da masu su suka sake gyarawa, haka aka sake yi da Fallout 4 a Afrilun 2024 har masu wani babban mod ɗinsa, Fallout: London, suka ɗaga fitowarsu zuwa Yuli. Amma adadin waɗanda suka danna endorse yana nan bai goge ba, sabon shiga ya zo ya ga dubban mutane ya ɗora, gem ya rufe kansa tun kafin ya kai menu, ya zauna yana zagin kwamfutarsa alhali ba ruwanta. In ka ce masa tsohuwar shaida ce, duba ranar da aka sabunta, nan take ya gane. Ka gwada cewa tsohon zaɓi ka ji yadda ba ta zauna ba.

Saura "similar", kalmar da ake sa wa jerin mod masu kama da wanda kake dubawa. Nan ne nake ganin Turancin ma ya yi kwaɗo, ya haɗa abubuwa daban a jaka ɗaya, mu bai kamata mu kwaso kuskuren ba. Akwai makamanci, mod biyu masu aiki iri ɗaya, misali biyu da duk suke sauya yanayin sama da hazo, waɗannan ai kishiyoyi ne, in ka ɗora su tare suna taɓa fayil ɗaya na ƙarshe ya danne na farko ko su haɗu su rikita maka gem. Akwai mahaɗi, wanda ake so a ɗora tare don ya cika ɗan'uwansa, kamar mai gyara haske da mai gyara itatuwa. Mutumin da ya ga jeri an rubuta "irinsa" bai san ko ana nufin zaɓi ɗaya ba ko ana nufin kwashi duka, kuma wallahi da yawa duka suke kwasa.

Don haka in ni ne mai fassara shafin, kan jerin farko zan sa "Makamantansa, bisa shaidar jama'a", na biyu "Mahaɗansa, bisa shaidar jama'a". Ƙarshen nan kar a yanke shi don a rage tsawo, shi ne ke raba abin da mutane suka faɗa da wanda na'ura ta lissafo daga abin da ka danna jiya. Ko da yake wani lokacin a gauraye suke, a Steam, kasuwar gem ta intanet, tun 2014 masu wasa ne ke liƙa wa gem tambarin nau'insa, na'urar kuma ta ɗauki tambarin ta jero maka masu kama, to wannan shaidar wa ke nan? Ni zan ce lissafin na'ura ne a kan shaidar mutane, a rubuta "lissafin shafi" a huta.

Akwai na uku da ban samu bakin zarensa ba har yanzu, wanda ba makamanci ba ba mahaɗi ba, dole ne, kamar yadda SkyUI, mod ɗin da ke gyara menu na Skyrim, ke neman SKSE kafin ya yi aikinsa yadda ya kamata. An ce "sharaɗi", an ce "tubali", wani ma ya ce "uwar mod" muka yi ta dariya. Sharaɗi ta fi shiga kunnena amma ta yi kama da takardar yarjejeniya da kowa ke danna na yarda bai karanta ba, kuma wannan shi ne wanda ake so a karanta. Masu Minecraft da ke fama da Forge da Fabric, manhajojin da sai da su mod ke aiki, a shafin CurseForge kullum, ku me kuke cewa a tsakaninku?