Tsohuwar ƙasar jarkokin tumatir: a zubar ko a sake shuka a cikinta?

Uwargida daga Yamai:

Assalamu alaikum. Gidan haya muke ciki, kuma an shafe tsakar gidan da siminti, shi ya sa nake shuka a cikin jarkokin mai masu lita 25 da na yanke bakinsu na huda gindinsu. A watan Nuwamba na dasa tumatir a jarka 12 da tattasai a jarka 4. Yanzu Maris ya raba, zafi ya shigo, tumatir ya gama bayarwa, ƙasar kuwa wannan ce shekararta ta biyu.

Abubuwa uku ne suka dame ni. Ƙasar ta sauka da kamar yatsu huɗu, ta kuma daskare, har in na zuba ruwa sai ya bi ta gefen jarka ya fita ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. A wasu jarkokin wani farin abu kamar kanwa ya fito a sama. Sannan akwai jarka uku da tumatirinsu yake yin yaushi da rana ko da na ba shi ruwa da safe, kuma da na tuge su sai na tarar saiwoyin duk sun yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Sayen sabuwar ƙasa da kuɗin amalanke ba ƙaramin nauyi ba ne a gare ni. Ina roƙon masu sani su ba ni shawara.

Dattijo mai lambu a bakin kogi:

Wa'alaikumus salam. Hajiya, kada ki zubar da ita duka, kada kuma ki haɗe ta wuri guda, domin ba ciwo ɗaya ke damun jarkokin nan ba. Abu na farko, ware jarka ukun nan nesa da sauran, kuma kada ki tona wata jarka da abin da kika tona su sai kin wanke shi. Ƙulle-ƙullen da kika gani aikin wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya ganinta, wadda malaman gona ke kira nematod. Tana shiga cikin saiwa ta kumbura ta, sai ruwa ya kasa hawa, shi ya sa shukar ke yaushi alhali ƙasa na da danshi. Ƙwayayenta suna zama a cikin ƙasa da guntayen saiwa suna jiran shuka ta gaba, kuma tumatir da tattasai da gauta da kuɓewa duk abincinta ne. Saiwoyin da kika tuge a ƙone su, kada a sa su cikin taki.

Maganin da na fi yarda da shi rana ce, kuma kin yi tambayar a kan gaɓa, tunda Afrilu da Mayu ne zafin Yamai ke wuce digiri 40. Ki juye ƙasar, ki farfasa ta, ki tsince saiwoyi, ki yayyafa mata ruwa har ta yi danshin da in kin dunƙula za ta kama ba tare da ta ɗiga ba. Sai ki baza ta a kan siminti, kaurinta kada ya wuce taƙi ɗaya, ki rufe da farar leda wadda ake hangen abin da ke ƙarƙashinta, ki danne gefunan da duwatsu yadda iska ba za ta shiga ba. Mutane da yawa suna ɗaukar baƙar leda suna zaton ta fi zafi, amma ita kanta take ɗumamawa, farar ce ke barin hasken ya ratsa ya dafa ƙasar. Danshin ma wajibi ne, domin busasshiyar ƙasa ba ta kai zafi ciki. Ki bar ta mako 4 zuwa 6, ki kwashe kafin ruwan farko na damina.

Malamin makaranta daga Tawa:

Baba ya gama magana a kan jarka ukun, ni kan sauran zan yi. Farin abin nan gishiri ne da ruwa da takin zamani suka bari. A gona ruwan sama yana wanke shi ya yi ƙasa da shi, amma a jarka ruwan yana ƙafewa gishirin ya tsaya. Mu nan da ruwan rijiya muke ban ruwa, kuma na yi asarar yabanyar barkono guda kafin in gane dalilin da bakin ganyen ke ƙonewa. Ki kankare saman da kamar yatsu biyu ki zubar, ki tabbatar hudojin gindi ba su toshe ba, sannan ki zuba ruwa a hankali har ya riƙa fita ta ƙasa, ki maimaita sau biyu ko uku.

Saukar da ƙasar ta yi kuwa, takin da ke cikinta ne ya ruɓe ya ƙare, ya bar yashi da laka suka manne. Ni kashi biyu na tsohuwar ƙasa nake haɗawa da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. Ko ruɓaɓɓen ma a tankaɗe shi, saboda gwazarma. Ku da ke kusa da fadamun shinkafa na Saga kuna da sauƙin samun ƙaiƙayin shinkafa, wanda in aka zuba kaɗan yana hana ƙasa daskarewa. Manomanmu na wajen Ilela sun daɗe suna farfaɗo da fako da ƙananan ramukan tara ruwan sama da ake kira tasa, da ɗan taki a cikin kowane rami, don haka ƙasar jarka da ta yi shekara biyu kacal ba ta kai a yanke mata ƙauna ba. In za ki ƙara takin zamani na 15-15-15, cikin marfin kwalba ɗaya ya ishi jarka, kuma a nesa da gindin shukar.

Mai rainon dashe a Yamai:

Ina girmama maganar Baba, amma a ganina rana tana rage tsutsar ne, ba kullum take ƙarar da ita ba, musamman in ledar ta yage ko ƙasar ta yi kauri. Da ni ne, ko bayan an shanya ta ba zan mayar da tumatir cikin ƙasar jarka ukun nan bana ba. Zan sa albasa ko masara tukuna, in kuma gauraya mata dakakken ƙwallon dogon yaro mako biyu kafin shuka. Jarkokin kansu a wanke su da sabulu a kife a rana. Sannan, Hajiya, kada ki yi rainon iri a tsohuwar ƙasa kowace iri ce, domin ƙananan tsiro ne suka fi saurin ruɓewa daga gindi su faɗi.

Uwargida daga Yamai:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, akwai bokiti ɗaya da na shuka wake a ciki, shi ma na ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Shi ma in ware shi?

Dattijo mai lambu a bakin kogi:

Ki duba da kyau tukuna, ƴata. Wake da gyaɗa suna da nasu ƙulle-ƙulle masu amfani, waɗanda ke ɗauko sinadarin da ke sa ganye kore daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Su a gefen saiwa suke maƙale kamar ƙwayar gero, in kin murza da yatsa sai su ɓalle, in kin fasa ɗaya za ki ga cikinsa ja-ja. Na tsutsar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai dai ki tsinke ta. In na farkon kika gani, ki bar saiwar ta ruɓe a cikin bokitin, ki shuka salati a kai in sanyi ya dawo. In na biyun ne, ki kai ƙasar ƙarƙashin leda tare da sauran, domin wake ma yana kamuwa.