Tafiyar ƙungiya zuwa duwatsu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Sakataren ƙungiya, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Damina ta ɗauke, kuma kwamiti zai zauna ya tsayar da inda za mu je a hutun makarantu na watan Disamba. Muna roƙon duk wanda ya taɓa bin ƙungiya zuwa duwatsu ya faɗi abin da ya gani da idonsa, mai daɗi da marar daɗi, domin akwai sababbin 'yan'uwa waɗanda ba su san komai ba sai tattakin da muke yi safiyar Lahadi daga filin wasa na Rumde Ajiya zuwa gadar Binuwai.

Dattijon ƙungiya, tsohon ma'aikacin gwamnati

Wa alaikumus salam. Ni ƙauyen Rumsiki nake goyon baya, kuma zan faɗi dalili. Mun je can tun kafin 2013, shekarar da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, abin da ya kori baƙi daga yankin Arewa Mai Nisa baki ɗaya. Mun kwana a Mokolo, washegari muka bi hanyar da ba ta da kwalta, wadda ba ta wuce kilomita 55 ba amma ta cinye mana rabin yini. Da muka isa, sai ga duwatsun nan dogaye suna tsaye ɗaiɗai a cikin kwari, waɗanda masana suka ce ragowar bakin aman wuta ne da iska da ruwa suka zaizaye ƙasar da ke kewaye da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin mutanen wurin. Ƙabilun Mafa da Kapsiki sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni, sun tare ƙasa da ruwa, suna shuka dawa da gero a inda mu mutanen fili ba za mu yarda akuya ta tsaya ba. Wani yaronmu ya taka gefen jeren don ya gajarce hanya, duwatsu suka zube, mai gonar ya fito ransa a ɓace. Sai da muka tsaya muka mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya, ja-gorarmu yana ba shi haƙuri da Fulatanci, kafin ya sake mu.

Wani ɗan ƙungiya mazaunin Marwa

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a kan Rumsiki a wannan karon. Tsakanin garin da iyakar Najeriya bai fi kilomita 3 ba, kuma ko da yake hare-haren Boko Haram sun fi tsananta a arewacin Mokolo, wajen Turu da Moskota, babu mai hankalin da zai ɗebi mata da yara cike da mota ya nufi can ba tare da ya ji ta bakin jandarmomi da hukumar yankin ba. Da muka je a 'yan shekarun nan, shingayen bincike sun yi yawa, kuma wanda ya manta katin shaidarsa ya tsayar da mu duka a rana. Masaukai da dama sun lalace saboda rashin baƙi. Sannan akwai maganar mai duba da ƙaguwa, wanda kowane ja-gora yake son ya kai baƙo wurinsa: wasunmu suka ce kallo kawai za su yi, wasu suka ce haramun ne ko kallon, aka yi ta gardama har dare. Gara a yanke wannan magana tun daga gida. Idan ana son wuri kusa da mu, akwai dutsen Mindif, kimanin kilomita 25 daga Marwa, sai dai kewaye shi ake yi, domin ƙolinsa ba ya hawuwa sai ga masu igiya da horo.

Malamar makaranta, Garwa

Ni tafiyar Kola ce ta fi kwanta mini, wato kwazazzabon da ke kusa da Gidar, inda kogin Mayo Luti ya rarake dutse baƙi da fari ya yi masa santsi. Mun tashi da asuba ranar Asabar, muka dawo bayan la'asar ranar Lahadi, ba wanda ya nemi izini a wurin aiki. A lokacin rani ana sauka har cikin kwazazzabon a yi tafiya a kan yashi tsakanin bango biyu na dutse, amma da damina ruwa ne ke cika shi, kuma mutanen garin sun gargaɗe mu cewa ruwan yakan zo ba zato ko da ba a yi ruwan sama a wurin ba. Ina so kwamiti ya ji wannan da kyau: mu mata ba hawan dutse ne ke ba mu wahala ba, rashin tsari ne. A wata tafiya maza suka yi gaba suna gasar isa ƙoli, suka bar mu da tukwane da yara, sannan suka dawo suna tambayar abinci. A Kola kuwa an raba aikin girki tun kafin a tashi, an sa mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya wanda ba ya wuce kowa, kuma an nema mana ɗaki mai makewayi a gidan da muka sauka. Shi ya sa mazajen da suka hana matansu zuwa a baya suka yarda daga bisani.

Matashi, ɗalibin jami'a

Gaskiyar Malama ce, ina cikin masu gudun nan, Allah ya yafe mana. Abin da zan ƙara shi ne batun lokaci. Mun hau Tingelin, tsaunin da ke arewa da Garwa, a watan Afrilu, muna ganin ai a ƙofar gida yake. Kowa ya san zafin Garwa a bazara yakan wuce digiri 40, ga shi ba mu fara hawa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ruwanmu ya ƙare kafin mu kai sama, dutsen ya yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu, wani abokinmu ya fara jiri yana magana ba kan gado. Wasu Fulani makiyaya ne suka taimake mu da ruwa da nono. Azahar ma taimama muka yi. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne kaɗai zan sake hawa wurin, kuma daga sallar asuba.

Ma'aikaciyar jinya

Ƙanena, abin da ya sami abokinka bugun zafi ne, kuma yana kisa. Tun daga lokacin nake ɗaukar gishiri da sukari na haɗin ruwan nan da ake ba mai gudawa, tare da bandeji da maganin zazzaɓi. Ni tafiyar duwatsun Alantika ce ta koya mini tsoro. Daga Garwa aka bi ta Poli, aka haye kogin Faro, aka isa Wangai, inda muka fara kai gaisuwa fadar lamiɗo, aka haɗa mu da ja-gora da masu ɗaukar kaya. Daga nan babu mota, babu babur, ƙafa ce kawai har zuwa ƙauyukan ƙabilar Koma da ke saman tsauni. Wani ɗan'uwanmu ya zo da sabon takalmi wanda bai taɓa sawa ba, kafin yamma dugadugansa sun yi bororo sun fashe, washegari kuma ya gurɗe a gangara saboda yana ɗingishi. A kafaɗa aka sauko da shi, ana karɓa-karɓa, kuma babu sabis ɗin waya da za a kira kowa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba na sabon shiga ba ne, ba kuma na mai hawan jini ko ciwon sukari da yake ɓoye wa ƙungiya ba. Haka nan mutanen Koma ba abin kallo ba ne. Wata tsohuwa ta juya mana baya da ta ga an ɗaga waya ba a tambaye ta ba, kuma ni na ga gaskiyarta.

Hajiya, 'yar kasuwa

Ni dai gwiwata ba ta Alantika ba ce, saboda haka Ngaundare nake zaɓa. Da mota ta gama hawan gangaren Mbe sai iska ta canza, domin garin yana sama da mita 1,000 daga teku, har sai da muka nemi barguna da dare. Mun hau dutsen da ke gefen gari, mai ƙaton dutse a ƙolinsa, muka kewaye tafkin Tison a ƙafa, sannan muka je magangarar ruwa ta Tello, inda ake shiga kogo a bayan ruwan a tsaya ana kallonsa yana zubowa. Tsoho da yaro kowa ya sami daidai ƙarfinsa, kuma akwai asibiti kusa idan wani abu ya faru. Wanda zai je ya tanadi kuɗin kilishi da zuma, don 'yan gida ba za su yafe ba.

Ma'ajin ƙungiya

Hajiya, kuɗin ne dai maganata. Kuɗin mota da masauki kowa yana tunawa da su, amma ladan ja-gora, da goron gaisuwar jauro ko lawan, da gyaran taya a hanya, a aljihun mutum ɗaya suke faɗawa. Mun taɓa yin shatar mota da wani direba wanda ya kai mu, sannan ya ce sai an ƙara masa kafin ya dawo da mu, saboda ba a rubuta komai ba. Adashin da muka fara zubawa bayan tattakin Lahadi ya rage wannan matsala, sai dai wasu sun tsaya da zubi tun watan azumi. Idan Ngaundare aka tsayar, ina bukatar sunayen masu zuwa kafin ƙarshen Nuwamba, domin masaukai suna cika a hutun Kirsimeti, kuma wanda ya janye bayan an biya kafin alƙalami ba za a mayar masa da nasa ba.