Birrai da kayan aiki

Ɗaliba: Malamai, shin da gaske ne biran cimfanzi suna amfani da kayan aiki, kuma ta yaya aka gano?

Malamin Halittu: Gaskiya ne, 'yata. A shekarar 1960 wata mai bincike 'yar Birtaniya, Jane Goodall, ta ga cimfanzi a dajin Gombe na Tanzaniya yana zage ganyen tsinke, ya zura shi cikin suri, ya zaro gara ya ci. Na gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Najeriya kuwa kwarkwasa da zuma suke haƙowa da sanduna, abin da ke nuna kowane garke da irin dabararsa.

Likitan Dabbobi: Allah ya saka da alheri, Malam. Sai dai kusantarsu tana da haɗari, domin murar mutum tana iya kashe su, shi ya sa masu bincike suke sanya takunkumi.